Akuyar da Masta Iddi Ya Taka wa Birki

Duk lokacin da zancen mahaifinku ya tashi a gidan nan, sai ɗayanku ya kawo maganar akuya. Kai Rashid ka fi kowa. Kana cewa mutumin da ya hango akuya a hanyar Kumbungu, ya taka birki da mata takwas da jarkokin nono a bayan mota ba wadda ta ko gurɗe, ba za a ce ba ya gani ba. Amma sati biyu bayan haka uwarku ta tashi ta shaida wa duniya wai ya makance. Ba ku taɓa faɗa mini a ido cewa motar nake so ba. Sai dai ni ba yarinya ba ce, na san irin shirun da ake yi idan na shigo ɗaki. Shekara goma sha ɗaya ina haɗiye wannan. Yanzu shi ya kwanta dama, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa, don haka zan rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku yanke hukuncinku.

Ku kun san shi a matsayin Baba. Ni na san shi tun yana Masta Iddi na tashar Aboabo, mai jan babbar mota tsakanin Tamale da Kumasi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a kan hanyar nan, kuma abin alfaharinsa guda ɗaya ne: ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ciwon baya ya matsa masa sai ya sauka daga manyan motoci, ya sayi tsohuwar fikof mai buɗaɗɗen baya, ya kama aikin ɗauko matan Fulani masu nono daga rugagen bayan gari kullum da sassafe, ya sauke su a kasuwa. Motar nan ko wanke ta ba ya barin wani ya yi. Ni kuwa babur ɗina nake hawa zuwa rumfata kamar kowace mace a garin nan. Sau ɗaya, tun kuna ƙanana, na ce ya koya mini mota, ya yi dariya har sai da ya ƙware da koko. Shi ya sa ranar da ya ajiye cokali ya dube ni ya yi maganar nan, na zaci kunnena ne. Kun dai san Hausarsa ta tasha, mace da namiji duk "ka" ne.

"Memuna, gobe za mu je ofis. Za ka yanki takardan koyon mota."

"Ni? Da tsufana?"

"Tsufa ina? Hamsin ne kawai. Mota ba ya tambayan shekara."

"Masta, me ya faru?"

"Kome bai faru ba koraa. Mutum ba ya iya yi ma matansa alheri kuma?"

Na ce to, amma a raina na ce ruwa ba ya tsami banza. Farko na zargi wata muguwar cuta, na ce ko an faɗa masa kwanansa ya kusa ne yake so ya bar mini sana'a. Na laluba aljihunan rigunansa ina neman katin asibiti, ban samu komai ba sai goro da tsofaffin rasit na mai. Na sa masa ido wajen cin abinci, na ga yana tashi da tuwo malmala biyu kamar kullum. Na ji kunyar kaina, amma zargin bai tafi ba.

A ofishin lasin aka jera mini dokoki. Sai na yi makarantar koyon tuƙi, sai an gwada idona, sai na ci jarrabawar kwamfuta da ta alamomin hanya, sannan a ƙarshe jami'i ya zauna kusa da ni in tuƙa shi a cikin gari. Kafin nan takardar ɗan koyo kawai zan riƙe. Za a manna wa mota jan harafin L gaba da baya, ba zan tuƙa ba sai da mai lasin a gefena, kuma ba zan ɗauki fasinja ba ko mutum ɗaya. Mahaifinku ya raka ni har bakin ƙofa, amma ya ƙi shiga. Ya zauna a gindin darbejiyar da ke waje, inda 'yan goro suke taruwa, wato masu tare mutane suna cewa za su iya fitar musu da takarda ba wahala. Wani daga cikinsu, Sule, mai baƙin tabarau, ya tashi ya ba shi benci yana "Masta, Masta" kamar sun kwana ɗaki ɗaya. Ban so wannan gaisuwa ba. Da na fito daga gwajin ido, tun kafin in zauna a mota ya fara yi mini tambaya.

"Wane haruffa ne suka nuna maka?"

"Haruffa dai. Manya a sama, ƙanana a ƙasa."

"Na sama wane ne? Faɗa mini bi da bi."

"Ban riƙe ba. Kuma na gabana nasa dabam ne, canzawa suke yi."

Ya daɗe yana murza makulli a hannu kafin ya tayar da mota.

Da yake doka ta hana ni ɗaukar fasinja, sai ya tsara mana aikin haka: in za mu tafi ruga mota ba kowa, ni ke tuƙi yana gefena; in za mu dawo da mata da nono, shi ke tuƙi ina gefensa. A nan ya shigo da wata al'ada da ya ce haka mastansa ya koya masa a Kumasi. Wai ɗan koyo ba ya yin shiru a mota. Duk abin da idona ya gani a hanya sai bakina ya faɗe shi da ƙarfi, don ido ya saba da aiki. "Faɗi abin da ka gani," in ji shi, da zarar taya ta juya. Sai in fara: babur biyu a dama, mai itace a hagu, rami a gaba, keken yalo-yalo mai taya uku zai tsaya, shanu suna gangarowa. In ina tuƙi in faɗa, in shi ke tuƙi ma in faɗa. Idan na ɗan yi shiru ina gyara ɗankwali sai ya daka mini tsawa, wai lalaci ne. A makarantar tuƙi ta Kalpohin na tambayi malaminmu ko haka ake yi, ya ce akwai masu koyarwa da haka, ba laifi ba ne. Hankalina ya ɗan kwanta na kwana biyu.

Amma wanda yake zargi ba ya rasa abin tsinta. Na lura in mun zo mararraba ba ya waigawa da ido kamar da, sai ya juya kansa gaba ɗaya har da kafaɗa. Na lura sau biyu kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofar ɗaki, ƙofar da ya shekara ashirin yana bi. Maƙwabcinmu mai ɗinki ya tare ni ya ce ko ya yi wa Masta laifi ne, don kwana uku yana ɗaga masa hannu daga bakin shago ba ya amsawa. Duk da haka in na miƙa masa waya yana karanta lamba tsaf, in mota na tahowa daga gaba yana faɗa mini irinta tun daga nesa. Sai in ce wa kaina zato zunubi, Memuna, ki ji tsoron Allah. Ban san akwai ciwon da ke cin ido daga gefe ya bar tsakiya ba.

Ranar gwajin kan titi na je da ƙarfin gwiwa. Jami'in wani siriri ne mai furfura, ba ya dariya, ya zauna da allonsa a cinya. Muna fita bakina ya kama aikinsa ba tare da na sani ba: babur a dama, mai ƙosai a hagu, yara za su tsallaka. Ya dube ni ta gefen ido. Matsalar ita ce duk abin da malamin Kalpohin ya koya mini da rana, mahaifinku yana warware shi da safe. Da muka doshi shataletale na cire giya na sa mota a firi tana gangarawa da kanta, yadda direbobin manyan motoci suke yi don tattalin mai. Da zan juya na fitar da hannu ta taga na manta da sigina. Ham kuwa na danna shi ya fi sau goma. Da muka dawo ya rufe allonsa.

"Mma, wa ya koya maka tuƙi?"

"Maigidana. Masta Iddi, shekara talatin a hanyan Kumasi."

"Ya nuna. Idonka yana da kyau paa, ba abin da ya wuce ka. Amma mota a firi ba ya hannunka, yana hannun Allah. Ka je ka sake shiri." Ya buɗe ƙofa, sannan ya tsaya. "Wannan magana da kake yi a hanya, don kanka kake yi, ko ka saba yi ma wani?"

Na faɗi jarrabawa, amma ba ita na ɗauko zuwa gida ba, tambayarsa na ɗauko. Da na gaya wa mahaifinku ban ci ba, na sa ran zai yi mini dariya ko faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai, na ji yana cewa a hankali, "Wata uku kuma." Lokacin da zan ɗauka kafin in sake gwaji yake ƙirgawa.

Kwana huɗu bayan haka muna dawowa daga ruga, shi ke tuƙi. Mata takwas a baya, har da Inna Hajjo, babbarsu, da wata mai goyo. Mun fito wani miƙaƙƙen wuri, hanya fes, ba mota gaba ba mota baya, gefen titi fili ne an share gona ba ko ciyawa. Na duba madubi na tabbatar ba mai bin mu. Na ce Allah ka yafe mini, sannan na ɗaga murya.

"Akuya a dama! Za ta shigo!"

Ya taka birki. Ya taka shi da gwaninta, ba zan hana shi wannan ba, ko jarka ɗaya ba ta faɗi ba. Sannan ya juya ta tagar gefena, ya nuna fili da yatsa yana zagi.

"Dubi shegen akuya! Mai shi ba ya da igiya ne? Ka gan shi yana gudu ko kunya babu!"

Na dubi inda yake nunawa. Ƙasa ce ja da kututturen dawa. 'Ya'yana, babu akuya. Ba a taɓa yin akuya a wurin ba. Matan da ke baya sun ba titi baya, suna riƙe da jarkokinsu, ba wadda ta ga komai, sai salati suke suna sa masa albarka. Ni kuwa na ci gaba da faɗin abin da na gani har kasuwa, don yanzu na san in na yi shiru da ran mutum tara nake wasa. Da yamma kuna zaune ana cin abinci ya ba ku labarin, ya ƙara mata gishiri, har ya ce baƙa ce mai farin goshi. Kuka yi ta tafi. Na tashi na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwata.

Washegari bayan kun fita na rufe ƙofa na same shi. Ban ambaci akuya ba, na kasa. Na ce masa na san idonsa ba daidai yake ba, mu je asibiti, kuma ya ajiye makulli. Ya musa, ya yi fushi, ya ce ni da ko lasin ban samu ba zan koya masa mota. Da ya ga ban motsa ba sai ya sauke murya.

"Gefe ne kawai ya yi duhu kaɗan. Gaba ina gani sarai. Kai ne gefena, Memuna. Wata uku, ka ci jarrabawa, in ba ka mota, in ce ma mutane bayana ne ya hana ni. Ba wanda zai sani."

"Lasin ɗinka fa? Wata mai zuwa zai ƙare. Za su gwada idonka."

"Sule ya ce zai san yadda za a yi."

"Ranar da na yi zazzaɓi fa? Ranar da na yi atishawa yaro ya shigo titi?"

"Shekara talatin ko kaza ban taka ba."

"To so kake ka fara da mutum?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ashe duk alherin nan da aka yi mini na koyon mota, ido ake nema a wurina. Na ji ciwon wannan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na kuma gane tsoro ne ya kai shi, tsoron ranar da za a ce Masta Iddi ba ya gani. Sati biyu ina roƙonsa. Na ɓoye makulli, ashe yana da wani a cikin akwati. Na ce ba zan ƙara bin sa ba, ya ce to zai tafi shi kaɗai, kuma na san zai aikata, don haka na bi shi. Na yi tunanin in faɗa muku, amma kai Rashid lokacin abin da Baba ya ce shi ne Alƙur'aninka, ke kuma Azara kina da tsohon ciki. Na yi tunanin in koma wurin jami'in nan mai furfura, na ga in hukuma ta shigo abin zai fi muni. Da na ga Sule ya zo ƙofar gida da tabaransa yana karɓar hotunan fasfo, na san lokaci ya ƙure.

Ranar a kasuwa, bayan an sauke kaya, na ja Inna Hajjo gefe. Na ce mata daga gobe su nemi wata mota, kuma na faɗa mata dalili, don ba za ta bar direban da ta amince da shi shekara shida ba sai da dalili. Na roƙe ta ta rufa mana asiri. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa nonon da ake zargin an sa wa ruwa.

"Matar Masta, mijinki ne fa."

"Na sani, Inna. Mai goyon nan ma 'yar wani ce."

Washegari muka isa ruga, ba kowa a gindin bishiyar da suke jiranmu. Sun tafi da asuba a wata mota. Ya fito ya tsaya jikin fikof yana juya kai hagu da dama, yana jira. Ya yi kusan rabin sa'a a tsaye. Sannan ya zagayo ta gefena ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, na tuƙo mu gida. Inna Hajjo ta riƙe amana iyakar ƙoƙarinta, amma mata takwas ne, kowace da mijinta. Kafin la'asar maganar ta isa tashar Aboabo.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Bai sake taka tashar nan ba har ya bar duniya, wurin da in ya shiga yara ke rige-rigen ba shi kujera. Wata bakwai bai yi mini magana ba sai ta bakinku. Na koma makarantar Kalpohin, malamin ya cire mini firi da ham daga jiki, na ci jarrabawa a karo na biyu a hannun jami'in nan dai. Da na karɓi aikin nono, don dole a ci abinci a gidan, sai 'yan unguwa suka ce ai ga shi nan, dama motar take so. Wasu har cewa suka yi ni na yi masa asiri a ido. Ke Azara ke kika kai shi asibiti bayan kin haihu, amma ya sa kika jira a waje, ya fito ya ce miki tsufa ne kawai. Ku kuma kuka riƙe akuyarku.

Wata safiya ina ɗumama mota sai na ji an buɗe ƙofar gefe. Ya shigo ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Na ja muka tafi. Muka wuce gidajen ƙarshe na gari. Sai na ji ya ce, "Faɗi abin da ka gani." Hawaye ya cika mini ido har na rage gudu. Na fara: mai keke a dama, shanu a hagu, rami a gaba. Yana gyaɗa kai. Da muka kai miƙaƙƙen wurin nan sai ya ɗaga hannu.

"A nan ne, ko?"

"A nan ne."

"Babu akuya ran nan."

"Babu, Masta."

"Na yi ta tunani. Akuya in ya tsira yana kuka. Ban ji kuka ba." Sannan ya ce, "Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce da na zo da wuri da an tsare saura. Ya ce yana bin jini, in kawo yara a duba su."

"To mu faɗa musu."

"Za mu faɗa. Amma akuyan, Memuna, bar musu shi. Shi kaɗai ya rage mini a wurinsu."

Na yi masa alkawari, na kuma cika. Maganar likita kuwa kullum sai ya ce gobe, don in ya faɗe ta akuya ta mutu. Ni ma na biye masa, na ce ai ku yara ne, da sauran lokaci. Sau biyu na ce muku ku je a duba idonku, kuka dube ni irin kallon nan, na ja bakina na yi shiru. A nan ne na yi laifi, ba a wurin Inna Hajjo ba. Abin da na faɗa mata ko yau aka dawo da ni zan sake faɗa.

Da na so in tafi kabari da akuyar nan. Abin da ya hana ni shi ne ranar Juma'ar da ta wuce, Rashid, da ka ɗauke ni zuwa Bulpiela gaisuwar rasuwa. Ina zaune a baya da 'ya'yanka biyu, matarka tana gaba. Mun zo mararraba ta farko ka ce mata, "Duba min damanki." Na ce ba komai, kowa yana faɗin haka. A ta biyu ka sake faɗa. A ta uku ba ka ce komai ba, sai na ga ka juya kanka gaba ɗaya, har da kafaɗa.

Wataƙila zargina ne na tsufa. Allah ya sa haka ne, in ji kunya, ku yi mini dariya har in mutu. Amma na taɓa cewa zato zunubi sau ɗaya, na ga inda ya kai mu. Na karɓe akuyar, Rashid, ubanka ya yafe mini. Ranar Litinin zan zo ƙofar gidanka da safe mu je a duba idonka, kuma ni zan tuƙa.